Akwatin lasifikar jita a gida: mai ɗaya, mai biyu, mai huɗu, ko na kafinta?

Wanda ya sayi kan amfilifaya, wato injin shi kaɗai ba lasifika a jikinsa, rabin aiki ya yi. Sauran rabin shi ne akwatin da zai ɗora shi a kai, kuma a nan na sha ganin mutane suna zuba kuɗi inda bai dace ba. Za ka ga matashi ya yi wata shida yana tara kuɗin amfilifaya, yana tambaya nan da can, amma da an zo kan akwati sai ya ce kowanne ma ya yi, ai lasifika lasifika ce. Ba haka abin yake ba. Lasifika ita ce bakin jita. Duk abin da yatsunka suka yi a kan tsirkiya, duk abin da injin ya sarrafa, ta kan wannan faifan takarda zai fito kafin ya kai kunne. Jona amfilifaya ɗaya da akwatuna biyu daban, sai ka rantse an sauya injin. Jona akwati ɗaya da amfilifaya biyu, sau da yawa bambancin ba ya kai haka.

Maganar da zan yi ta ɗaki ce: ɗaki mai kamar mita 4 a tsaye da 4 a kwance, bangon siminti, ƙasa tayil ko daɓe, maƙwabci a bayan bango, wataƙila da jariri yana barci a ɗaya ɗakin. Mai kaɗawa a filin biki irin na masu jitar Agadas, inda sarari ke haɗiye sauti, buƙatarsa daban ce, zan taɓo shi a ƙarshe.

Ma'aunan da za ka riƙe a hannu

Na farko shi ne om, wato ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da injin ke tura mata, kuma wannan ba maganar ɗanɗano ba ce, lafiyar injinka ce. Juya bayan amfilifayarka, kusa da ramin lasifika za ka ga lamba: 4, 8 ko 16. Akwatin ma yana da tasa. Idan amfilifayar mai kwalabe ce, wato mai ƙananan bututun gilashi da ke yin zafi a cikinta, sai lambobin biyu sun dace, kuma kada ka kuskura ka kunna ta ka kaɗa alhali babu lasifika a jone. Wutar da ta rasa hanyar fita komawa take yi ta ci taransifomar sauti, wadda tana cikin abubuwan da suka fi tsada a injin. Mai taransista ta fi haƙuri. Ita dai kada ka sauka ƙasa da lambar da aka rubuta mata. In ka haura sama, ƙarfi ne kawai zai ragu. Lissafin haɗi ba shi da wuya: lasifika biyu masu om 8, in an yi musu haɗin sarƙa, wanda masu gyara ke kira siris, sun zama 16, in an yi musu haɗin gefe da gefe, wato faralel, sun zama 4. Akwatuna biyu da aka soka a bayan amfilifaya ɗaya galibi faralel suke zama.

Akwai kuma waya. Kan wayar jita da kan wayar lasifika kamarsu ɗaya, amma cikinsu ba ɗaya ba. Ta jita zare ɗaya ne siriri a tsakiya, an yi ta ne don ɗan sigina mara ƙarfi. Ta lasifika zare biyu ne masu kauri. Ina ɗakin wani abokina ranar da ya kawo sabon akwati, mai shagon ya haɗa masa da wayar jita a matsayin kyauta ya ce ta lasifika ce. Mun yi kamar rabin awa ana kaɗawa, sai sautin ya fara yankewa yana dawowa, can sai warin roba mai ƙuna ya taso daga bayan injin. Da ya zare wayar, kanta ya yi zafin da ba a iya riƙewa. Allah ya sa an kashe da wuri, taransifomar ta tsira. Tun ranar ba na yarda da waya sai na kwance kanta na ga zaren da idona.

Na biyu, wat. Lambar wat da ke jikin akwati ba ƙararsa take faɗa ba, abin da zai iya jurewa ne kafin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan lasifika, ya ƙone. Ka tabbata ta kai ta amfilifayar ko ta fi. Ga mai kwalabe gara ta fi da tazara, domin in an murɗa ta sosai tana wuce lambar da aka rubuta mata. In kuma lasifikoki biyu ne ba iri ɗaya ba, da ƙaramar ake lissafi: mai wat 25 da mai wat 60 a akwati ɗaya wat 50 suke ɗauka, ba 85 ba, tunda wutar daidai take rabuwa tsakaninsu in om ɗinsu ɗaya ne.

Na uku shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, kuma a gida shi ne uban tafiya: yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa daga wat 1 kacal, idan an auna a nisan mita 1. Da desibel ake rubuta shi. Lasifikar kamfanin Celestion mai suna Vintage 30 tana ba da desibel 100. Greenback mai wat 25 tana ba da 98. G12T-75 da Creamback mai wat 65 suna ba da 97. Tsaya ka duba abin da wannan ke nufi. Hirar mutum biyu a ɗaki wajen desibel 60 ce. Shawarar kare ji da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar ta ce desibel 85 na awa 8 shi ne iyaka, a desibel 100 kuwa minti 15 ne. Ke nan wat 1 tak a cikin Vintage 30 ya riga ya wuce abin da ɗakin kwana zai ɗauka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka shi sau goma kunne ke jin ƙarar ta ninku. Saboda haka lasifika mai 97 a maimakon mai 100 daidai take da ka raba ƙarfin amfilifayarka biyu. A fili wannan asara ce. A ɗaki kuwa riba ce, domin tana ba ka damar murɗa injin ya ɗan yi zafi ya fitar da muryarsa ta gaskiya kafin a ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Na huɗu, bayan akwatin: a buɗe ko a rufe. Na biyar, katako da yadda zai yi da yanayinmu. Na shida, nauyi da kuɗi. Waɗannan ukun za su fi fitowa fili idan muka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Game da sunaye, idan ka ga 1x12, lasifika ɗaya ce mai faɗin inci 12; 2x12 biyu ne; 4x12 huɗu.

Ƙaramin akwati, mai inci 8 ko 10

Misalinsa Orange PPC108, wanda aka yi don ƙaramin kai na Micro Terror mai wat 20. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya za ka ɗauke shi ka ajiye a kan tebur, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Matsalarsa ƙasan sauti. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa ne a wajen hez 82, wato sau 82 a daƙiƙa ɗaya, kuma faifai mai inci 8 ba ya iya tura iskar da za ta ba wannan muryar jiki. Sai ka ji sautin kamar daga cikin kwali yake fitowa. Mai inci 10 wani abu ne daban, kada a haɗa su. Fender Princeton Reverb lasifika ɗaya mai inci 10 gare ta, kuma an daɗe ana ɗaukar waƙoƙi da ita a manyan situdiyo. Inci 10 tana amsa yatsa da sauri, sautinta a tsaye yake, tana yi wa mai tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya kyau ƙwarai. Haɗarin kawai shi ne zaɓin lasifikar canji bai kai na inci 12 yawa ba, kuma in ka tashi sayarwa masu nema ba su da yawa.

Akwatin 1x12

A nan zan daɗe, domin ina ganin cikin mutum goma da ke kaɗa jita a gida, wannan ne amsar mafi yawansu. Kusan duk muryoyin jitar lantarki da kunnenka ya saba da su daga lasifika mai inci 12 suka fito, kuma ko a situdiyo aka ajiye ƙaton akwati mai huɗu, yawanci gaban lasifika ɗaya ake kafa makirfo. Nauyinsa tsakanin kilo 12 da 18, yana shiga bayan mota, yana hawa Keke Napep, mutum ɗaya ke ɗaukarsa.

Tambayar farko ita ce baya. Mai buɗaɗɗen baya yana zuba sauti gaba da baya, na bayan ya bugi bango ya dawo ya cika ɗakin. Irin ginin Fender Deluxe Reverb da Vox AC30 ke nan. Ko ina ka zauna a ɗakin za ka ji shi, kuma ko an rage ƙara ba ya mutuwa. Ƙasan sautinsa sako-sako ne, ba ya dukan ƙirji. Ga mai kaɗa wankakken sauti, wato wanda ba a gurza shi ba, ko mai ɗan gurza kaɗan irin na kiɗan hamada, ko na coci, ko hailaif, wannan shi ne daɗin. Ka bar masa kamar taku ɗaya tsakaninsa da bango. In ka manna shi sai ƙasan sautin ya cakuɗe.

Mai rufaffen baya, kamar Orange PPC112 mai Vintage 30 da om 16, iskar da ke kulle a ciki tana riƙe faifan, sai ƙasan sauti ya fito a dunƙule, da ƙarfi. Mai kiɗan rok mai nauyi shi yake so. Amma yana da hali guda da ke wahalar da mutane a gida: sautinsa kamar hasken tocila yake, gaba kawai yake harbawa. In yana ƙasa kai kana tsaye, kaifin sautin gwiwoyinka yake duka. Sai ka ji kamar ya dushe, ka ƙara masa kaifi, wanda ke zaune a tabarma daura da shi kuwa kunnensa na tsagewa. Maganin ba ya cin kuɗi: ɗora shi a kan kujera, ko ka sa masa katako a ƙarƙashin gaba ya kalli fuskarka. Ɗaga shi daga ƙasa yana da wata fa'idar, domin akwatin da ke zaune a daɓe, musamman a kusurwa, yana tura gurnani ya ratsa bango, kuma wannan gurnanin ne maƙwabci ke ji, ba kaifin ba. Akwai akwatunan da ake iya kwance wani ɓangare na bayansu da sukurori. In ka samu irinsa a farashin da ba ya cutarwa, ka yi sa'a.

Tambaya ta biyu, wace lasifika ce a ciki. Vintage 30 ta fito a 1986, kuma duk da 30 ɗin da ke sunanta wat 60 take ɗauka. Tsakiyar sautinta tana da tsini, shi ya sa take ratsa ganguna da bes ta fito a cikin ƙungiya. Wannan tsinin da ke ceton ka a dandamali shi ne ke gajiyar da kunne in kai kaɗai ne a ɗakin siminti. Ina girmama ta, amma ba ita nake fara nuna wa mai kaɗawa a gida ba. Greenback ta fi laushi, tana da ɗumi, tana saurin gurzawa, sai dai wat 25 ne iyakarta, don haka da amfilifaya mai wat 15 ko ƙasa take zama lafiya. Creamback mai wat 65 ta ɗauko muryar Greenback ta ƙara mata juriya, kuma desibel 97 ɗinta ya dace da ɗaki. Da za a ce in zaɓi guda ɗaya in zauna da ita shekara goma, ita zan ɗauka. Seventy 80 ita ake yawan sawa a akwatuna masu sauƙin kuɗi irin Marshall MX112. Tana aiki, tana jure wat 80, amma samanta yana da ɗan ƙaiƙayi. Mai son wankakken sauti irin na Fender sai ya duba Jensen ko Eminence ta Amurka.

Abin da ya fi komai daɗi a 1x12 shi ne kuskure a cikinsa ba ya da tsada. Lasifikar ba ta yi maka ba? Sukurori huɗu da waya biyu, ka sauya ta. Kada dai ka yi saurin yanke mata hukunci: sabuwar lasifika a sandare take zuwa, sai ta yi awoyi da dama tana aiki kafin ta saki jiki.

Akwatin 2x12

Lasifika biyu suna tura iska fiye da ɗaya, sautin ya yi faɗi ya yi jiki, kuma a wuta iri ɗaya suna ƙara wajen desibel 3. Marshall 1936 misali ne, G12T-75 biyu, wat 150. Nan kuma kana iya haɗa iri biyu, a ce Vintage 30 da Creamback, kowacce ta rufe wa 'yar'uwarta gibi, muddin om ɗinsu ɗaya ne. Nauyi ya tashi zuwa kilo 20 har 30, yana kuma cin wuri. Wata dabara: in ka tsayar da shi a tsaye, lasifika ɗaya bisa ɗaya, ya rage cin ƙasa, ta saman ta matso kusa da kunnenka, sautin kuma ya fi bazuwa hagu da dama. Wanda gida ne wurin atisayensa amma duk mako yana fita da ƙungiya mai ganguna, wannan ne nasa. Wanda ba ya fita ko'ina kuwa, ƙarin kuɗin da zai biya ƙara ce zai saya wadda ba zai taɓa amfani da ita ba.

Akwatin 4x12

Na san dalilin da ya sa zuciya ke karkata gare shi. Shi ne hoton da muka taso muna gani a bayan manyan makaɗa. Amma sanin asalinsa yana sanyaya wannan sha'awar. Lokacin da Jim Marshall ya fara ƙera amfilifaya a Landan a 1962, lasifikokin da ake da su ba su wuce wat 15 zuwa 20 ba, suna ta ƙonewa. Sai aka tara huɗu a akwati ɗaya su raba nauyin. A 1965, da masu kiɗan rok suka nemi injin wat 100 don cika manyan zaure, aka fara ɗora akwati kan akwati. Matsalar wancan zamanin aka warware, ta babban zaure da raunin lasifika. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikinsu.

Marshall 1960A yana ɗaukar wat 300, nauyinsa ya haura kilo 35. Wasu irinsa sun kusa 50. Mutum biyu ke ɗaukarsa, kuma in a bene kake, duk fita sai ka nemi taimako. A ƙaramin ɗaki ƙasan sautinsa yana taruwa ya yi gurnani, tagogi da kwanon rufi su kama rawa, ƙarar da za ta sa ya nuna halinsa kuwa ta fi ƙarfin gidan haya. Ba na musun cewa in aka buɗe shi a wuri mai faɗi akwai wani duka da yake yi a ƙirji wanda babu mai yin irinsa. Kuma wani lokaci za ka tarar da na hannu a farashin da bai kai na sabon 2x12 ba, saboda masu shi sun gaji da dako. Wannan arahar ce tarkon. In kana da situdiyo ko ɗaki a keɓe nesa da mutane, bismillah. In ba haka ba, bar shi.

Akwatin kafinta

Wannan hanyar ta fi dacewa da mu fiye da yadda ake zato. Abin da ke sa akwati tsada in an shigo da shi daga waje shi ne dakon katako da iska. Lasifika ita kaɗai, ko Vintage 30 mai ƙaton maganaɗisu, ba ta kai kilo 5 ba, tana shiga jakar matafiyi. Akwatin jita kuma ba ya buƙatar lissafi mai zurfi irin na akwatin bes, musamman mai buɗaɗɗen baya. Kafinta mai hankali zai yi shi a kwana biyu.

Sai dai ka tsaya a kansa. Filawud mai kaurin milimita 18, mai yawan falle, shi ake nema; manyan kamfanoni da na itacen da Turawa ke kira bac (birch) suke yi. Ka ƙi katakon garin itace da aka matse, da MDF in da hali. Suna da nauyi, sukurori ba sa daɗewa a jikinsu, kuma da zarar damina ta shigo suka sha laima sai su kumbura su fara marmashewa daga ƙasa. Filawud mara kyau shi ma yana da nasa: zafin bazara da bushewar hunturu suna ɗaga fallensa, sai ka ji wani zizar da ba ka san daga ina take ba. A haɗa kusurwoyi da gam da sukurori da 'yan sanduna daga ciki, ba ƙusa kaɗai ba. Faɗin kamar santimita 55 zuwa 60, tsayi 45, zurfi 28 zuwa 30 ya wadatar. Ramin lasifikar Celestion mai inci 12 milimita 283 ne, amma ka kai masa lasifikar ya auna da kansa. A sa ƙafafun roba don kada ya zauna a daɓe kai tsaye, saboda laima da gara. A rufe gaba da yadi mai shan iska; ƙarfen raga in bai ɗauru sosai ba yana kaɗawa.

Haɗarinsa biyu ne. Ba ka jin sautin sai an gama, kuma in ka tashi sayarwa kuɗin lasifikar kawai za ka mayar. Akwai kuma jabu: lasifikar da aka manna wa takardar babban kamfani a bayan maganaɗisu. In farashin ya yi araha fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado.

Lasifikar biki, da mai ɗaukar kowane sauti

Mutane da yawa a wajenmu da akwatin DJ ko na wa'azi suke fara jona jita, tunda shi ne a kusa. Ga dalilin da ya sa sautin ba ya daɗi. Lasifikar jita da gangan aka yi ta ta yanke duk abin da ya haura wajen hez 5,000. Akwatin biki kuwa yana da ƙaramar lasifika mai tsini da ke fitar da na sama duka. Da ka taka fedar gurza sauti, duk ƙazantar da lasifikar jita ke ɓoyewa sai ta fito, kamar an saki ƙudan zuma a cikin gwangwani.

Amma idan abin da kake da shi na'urar kwaikwayo ce, irin Line 6 Helix ko Kemper ko ƙananan 'yan'uwansu, labari ya juya. Su a cikinsu akwai hoton muryar akwatin jita, don haka lasifikar da ba ta ƙara komai ba ta rage komai suke so, irin su Headrush FRFR-108, ko lasifikokin situdiyo, ko ma abin sawa a kunne. Don kaɗawa da dare babu kamar wannan. Mai amfilifayar kwalabe ma yana iya sayen akwatin shanye wuta, wanda ake jonawa a madadin lasifika, irin Two Notes Torpedo Captor X, ya kaɗa a kunnensa ba tare da ya cutar da taransifoma ba. Sai dai waɗannan akwatunan masu inji a ciki suna shan wutar bango, don haka hawa da saukar wutar NEPA ko ta janareta ya shafe su, sai da sitabilaiza. Akwatin jita na gargajiya ba ruwansa da wannan: katako ne da takarda da maganaɗisu, yana iya shekara 30 yana aiki.

Ga su a jere. Farashin na sabo ne a kasuwar waje, a ƙiyasce, da dala. Sai ka ƙara dako da kwastan.

| Akwati | Farashi | Nauyi | Ƙarko | Sauƙi a gida | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Inci 8 ko 10 | 100 zuwa 300 | ƙasa da kilo 12 | matsakaici | sosai | ƙasan sauti ba jiki |
| 1x12 | 150 zuwa 600 | kilo 12 zuwa 18 | mai kyau in filawud ne | sosai | lasifikar da ba ta dace da ɗaki ba |
| 2x12 | 250 zuwa 900 | kilo 20 zuwa 30 | mai kyau | daidai gwargwado | ƙara da cin wuri |
| 4x12 | 400 zuwa 1,500 | kilo 35 zuwa 50 | mai kyau ƙwarai | da wuya | maƙwabta, dako, kunne |
| Na kafinta | lasifika 80 zuwa 200, da kuɗin aiki | kilo 12 zuwa 18 | gwargwadon katako | sosai | jabu, aiki mara kyau |
| Mai ɗaukar kowane sauti | 250 zuwa 700 | kilo 9 zuwa 20 | ya dogara da wuta | sosai | sai da na'urar kwaikwayo |

In na hannu za ka saya

Yawancinmu a nan za mu ƙare, ko a Alaba ta Legas ko wajen wani makaɗin da ya sauya kaya. Ka tafi da mitar auna wuta da ƙaramin batiri. Sa mitar a ma'aunin om ka taɓa kan wayar akwatin: mai om 8 zai nuna wajen 6 zuwa 7 da wani abu, mai 16 zai nuna 12 zuwa 14. Haka yake daidai, ba lalacewa ba ce. In bai nuna komai ba, koyil ko waya ta yanke. Sannan ka buɗe yatsunka a kewayen tsakiyar faifan, ka danna a hankali daidai wa daida. Ya kamata ya shiga ya dawo shiru. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a cikin kwano, koyil ya sha zafi ya karkace. Taɓa batirin a wayar: faifan zai yi tsalle, kuma in lasifikokin sun fi ɗaya, dole duka su yi gaba tare ko baya tare. In ɗaya ta saɓa, an juya mata waya, kuma ita ce ke cinye ƙasan sautin. Leƙa bayan maganaɗisun ka ga ko abin da aka ce maka shi ne a ciki, domin akwati mai babban suna da lasifikar da aka sauya ba sabon abu ba ne. Daga ƙarshe ka jona naka injin da taka jitar, ka kaɗa a ƙarar da za ka riƙa kaɗawa a gida, ba wadda mai shago zai murɗa maka ba.

Wa ya dace da wanne

Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, da amfilifaya mai wat 1 zuwa 20, yana kaɗa wankakken sauti ko mai ɗan gurza: 1x12 mai buɗaɗɗen baya, da lasifika mai desibel 97 ko 98. Mai son rok mai nauyi a irin wannan ɗakin: 1x12 mai rufaffen baya, a ɗora shi kan kujera ya kalli kunne. Wanda kuɗinsa ya yi kaɗan amma yana da kafintan da ya yarda da shi: ya zuba kuɗin a lasifika ta gaske, a ƙera masa akwatin filawud. Ɗalibin da tebur ɗaya ne duk wurin da yake da shi: mai inci 10, in bai samu ba sannan mai 8.

Wanda ke atisaye a gida yana kuma kaɗawa a coci ko wurin taro tare da mai ganguna: 2x12, a tsaye, kuma a nan Vintage 30 za ta biya shi kuɗinta. Mai fita filin biki inda babu bango balle rufi, shi ma 2x12 ne mafi ƙanƙantar abin da zai riƙe shi, 4x12 kuwa sai in yana da mota da masu taya shi ɗauka. Wanda ba ya samun lokacin jita sai bayan sallar isha, iyali sun kwanta: na'urar kwaikwayo ko akwatin shanye wuta da abin sawa a kunne, ya ajiye kuɗin akwati zuwa ranar da ya samu wurin buɗe shi.